Hannu Mai Sanyi: Gwanintar Gasa Kirambul ɗin Tuffa

Daga tsakiyar watan Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, duk wanda ya ratsa ƙauyukan Ingila zai riƙa cin karo da kwali ko kwando a bakin ƙofar gidaje, cike da tuffa, an rubuta a jiki cewa mai so ya ɗiba kyauta. Itatuwan bayan gida ne suka zubar da 'ya'ya fiye da cikin masu gida. Ba irin tuffar kanti ba ce mai sheƙi. Wata ta bugu a inda ta faɗo, wata tsutsa ta riga kowa ɗanɗanawa, mafi yawansu kuma tsaminsu sai ya sa mutum ya runtse ido. Amma kafin dare, a ɗakunan girki da dama, wannan tuffar ce za ta zama abin da yara da manya ke jira bayan an gama cin abinci, wato kirambul.

Kayan haɗinsa ba su da yawa. Tuffa ce ake ferewa a yayyanka, a zuba a kwanon gashi da ɗan sukari da kirfa, a rufe samanta da marmashin da aka yi da fulawa da bota da sukari, a gasa har saman ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, ƙasan kuma ya yi laushi yana ɓararraka. Wannan shi ne kirambul zalla, irin na Ingilishi. Akwai kuma ɗan'uwansa da ya fi shi wuyar sha'ani, wanda ake shimfiɗa wa ɓawon fai, wato murjajjen kwaɓin fulawa da bota, a ƙasa kafin a zuba tuffar, ta yadda idan ya huce za a yanka shi yanki-yanki, kowane ya tsaya da ƙafarsa a faranti. A Amurka sun fi son wannan na biyun, suna danganta shi da zuriyar Jamusawan da suka zauna a jihar Fensilbeniya, waɗanda suka zo da al'adar barbaɗa marmashi a saman kek daga ƙasarsu ta asali. A kan na biyun nake son in tsaya, domin a cikinsa ne gwaninta ke fitowa fili.

Abin da ke burge ni shi ne, abu uku ake sawa a wuta ɗaya, a kwano ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya, alhali kowane da abin da yake so. Ɓawon ƙasa yana son ya bushe ya gasu. Tuffar tsakiya, wadda kusan kashi 85 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, tana son ta saki ruwan nan. Marmashin sama kuma yana zaune a kan tururin da take fitarwa, amma an ɗora masa alhakin ya fito da ƙarfinsa. Ruwa na sauka ƙasa, tururi na hawa sama, kuma duka biyun abokan gabar abin da ake nema ne. Gwanar gashi ita ce wadda ta san inda kowane ɗigon ruwa zai bi, ta tare shi tun kafin ya yi ɓarna. Ba a ganin wannan aikin idan an kawo faranti gaban mutum, shi ya sa da yawa suke ɗauka girkin yara ne.

Gasa tuffa cikin ɓawo tsohon abu ne a Ingila. A littafin girkin da masu dafa wa Sarki Richard na Biyu suka tattara wajen shekarar 1390, akwai bayanin yadda ake haɗa tuffa da ɓaure da busasshen inabi da kayan ƙamshi a gasa cikin ɓawon kwaɓi. Marmashin sama kuwa bai daɗe haka ba. A Amurka ya bayyana a littafin girkin Isabel Ely Lord na 1924, a Ingila kuma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya baza shi gida-gida. Ranar 8 ga Janairun 1940 gwamnati ta fara ƙayyade bota da sukari da mutum zai iya saya, har ta kai akwai lokacin da rabon mutum ɗaya a mako bai wuce bota giram 57 da sukari giram 227 ba. Fai na gargajiya yana bukatar ɓawo sama da ƙasa, kuma yana cin mai. Sai matan gida suka koma ga abin da ba ya bukatar murji da shimfiɗawa, wanda zai karɓi kowane irin mai aka samu, a ƙara masa burbushin burodi ko hatsin ots don ya yi auki. Sai a 1954 aka gama ɗage ƙayyade abinci baki ɗaya, amma kirambul bai tafi da yaƙin ba. Ya zauna a teburin ranar Lahadi da ɗakin cin abincin makarantu, har Faransawa, masu ji da kansu a fagen gashi, suka karɓe shi da sunansa.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen tuffa, kuma a nan Ingilishi suna da abin alfahari. A shekarar 1809, a garin Southwell da ke yankin Nottinghamshire, wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka ƙwayoyin tuffa a gidansu. Ɗaya ta tsiro ta zama itaciya. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan, bayan shekara goma kuma wani matashi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya roƙi a ba shi rassa ya yaɗa irin. Mahaucin ya yarda bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Haka yarinyar da ta shuka ta rasa suna, mai gida ya samu. Ita tuffa ba ta gadon uwarta ta hanyar ƙwaya, duk ƙwayar da aka shuka wani sabon iri take fitarwa, don haka sai da aure ake yaɗa ta, a ɗauki reshe a ɗaura a jikin wata. Ma'ana, duk wata itaciyar Bramley da ke duniya yau reshe ce daga waccan ta Southwell. Guguwa ta kayar da uwar a 1900, ta sake yin saiwa daga inda ta kwanta, ta ci gaba da haihuwa fiye da shekara ɗari bayan haka.

Bramley babba ce, koriya, mai tsananin tsami, ba a cika cinta ɗanya ba. Amma da ta ji wuta sai ta narke ta yi laushi lugub, tsamin nan kuma ya tsaya daram a gaban sukari da bota, bai bari zaƙi ya gundure mutum ba. Wannan ne sirrin da ya sa ba a yin kirambul mai kyau da jar tuffa mai zaƙi zalla: idan ta gasu sai ta yi salaf, ba tsami ba ƙamshi. Matsalar Bramley ita ce narkewar tata. A kirambul zalla da ake ɗiba da cokali, hakan ake so. A wanda za a yanka kuwa, ana bukatar tuffar da za ta riƙe jikinta. Nan ne Granny Smith ke shigowa, koriyar nan mai ƙarfi da ta fito a gonar Maria Ann Smith kusa da birnin Sidni na Ostareliya a 1868. Tana da tsami, kuma ko ta yi kusan awa ɗaya a wuta yankanta na nan da siffarsa. Gwanaye sukan haɗa biyu: wadda za ta narke ta cike gurabe, da wadda za ta tsaya haƙori ya ji ta. Masu sha'awar gwadawa a ƙasashenmu sun yi sa'a ta wannan gefen, domin koriyar tuffar da ake shigowa da ita daga Afirka ta Kudu, wadda ake jerawa a teburin masu kayan marmari, sau da yawa Granny Smith ce.

Yanzu sai hannu.

Ɓawon ƙasa da marmashin sama duk da aiki ɗaya suke farawa: murza bota cikin fulawa. A zuba fulawa a kwano mai faɗi, a yanka bota mai sanyi ƙanana-ƙanana a watsa a ciki, sannan a sa kan yatsu, ba tafin hannu ba, a riƙa ɗebowa ana murzawa tsakanin babban yatsa da sauran, ana ɗaga hannu sama ana barin garin ya zubo da kansa. Wadda ta taɓa murza garin dambu kafin turarawa za ta gane motsin nan take, da yadda ake son ƙwayoyin su rabu, kada su cure. Bambancin shi ne a nan akwai agogon da ke gudu a ɓoye. Bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Selshiyos, jikin ɗan Adam kuwa yana kan 37. Wato hannun da ke aikin shi kansa wuta ne. Shi ya sa ake amfani da kan yatsu, inda ya fi sanyi, shi ya sa ake ɗaga garin sama ya sha iska, shi ya sa kuma tsofaffin matan Ingila ke cewa mai sanyin hannu ita ce ta iya ɓawo. Wasu har sukan tsoma hannu a ruwan sanyi su goge kafin su fara.

Dalilin duk wannan kaffa-kaffa yana cikin fulawar kanta. Alkama na da wasu sinadaran furotin guda biyu waɗanda, da zarar sun sha ruwa aka kuma cuɗa su, sai su sarƙe su zama abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke ba burodi jansa, mai burodi nemansa yake yi ruwa a jallo. Mai ɓawon fai kuwa gudunsa take yi, don shi ne ke sa ɓawo ya yi tauri ya riƙa gardama da haƙori. Idan aka murza bota cikin fulawa, man yana lulluɓe ƙwayoyin garin ya hana ruwa isa gare su, sai gulutin ya kasa sarƙewa. To amma ba a so botar ta narke ta shige garin gaba ɗaya. Ana so a bar ƙananan guntayenta a daskare, domin bota ba mai zalla ba ce, kusan kashi 80 cikin ɗari ne mai, mafi yawan sauran ruwa ne. Idan guntun ya shiga zafin obin yana daskare, ruwan cikinsa zai zama tururi ya buɗa ɗan gurbi kafin man ya narke, kuma waɗannan ƙananan guraben ne ke sa ɓawo ya riƙa rugujewa a baki. Idan kuwa botar ta riga ta narke a hannu, sai a sami abu mai maiƙo, mai nauyi, wanda ba ya tashi.

Saboda haka babban abin da ake koyo a nan shi ne lokacin cire hannu. Sabon shiga yakan ci gaba da murza, yana ganin ƙarin aiki ƙarin kyau ne, har sai garin ya yi duhu ya fara manne wa yatsu. Gwana tana da dabara: takan girgiza kwanon, manyan guntayen su taso sama, ta murza su kaɗai, ta tsaya. Minti biyu ko uku, an gama. Na sha mamakin yadda aikin da bai kai tsawon gaisuwar safe ba yake ɗaukar mutum shekaru kafin yatsunsa su san shi, kuma ba a iya rubuta shi a littafi, sai dai a tsaya kusa da wadda ta iya a gani, a taɓa garin a ji.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Na ɓawon ƙasa, ƙa'idar Ingilishi ita ce mai ya zama rabin nauyin fulawa: ga kwanon gashi mai faɗin santimita 23, fulawa giram 200, bota giram 100, da ɗan gishiri. A da sukan raba man biyu, rabi bota rabi kitsen alade, kuma har yanzu akan sami haka a wasu littattafansu, amma bota zalla tana yin aikin sarai, ta ma fi ƙamshi. Bayan murza, sai a yayyafa ruwa mai sanyi ƙarara, cokali biyu zuwa uku, ana juyawa da wuƙa, ba da hannu ba. Da zarar kwaɓin ya yarda ya haɗu, a dunƙule shi sau ɗaya, a danne ya yi faɗi, a naɗe, a kai firij ya huta rabin awa. Hutun nan ba ado ba ne. Yana ba ruwa damar ratsa garin daidai, yana sake daskarar da botar, ɗan gulutin da ya samu kuma ya saki jiki. Kwaɓin da bai huta ba, ko an shimfiɗa shi ya cika kwano, da ya ji wuta sai ya ja da baya ya zame daga gefe.

Na marmashin sama kuwa ba a sa masa ruwa ko ɗigo. Fulawa giram 150, bota giram 100, sukari wajen giram 80, da ɗan gishiri wanda da yawa ke mantawa alhali shi ke tayar da ɗanɗanon sauran. Sai an gama murza ake zuba sukarin. Ingilishi sun fi son mai manyan ƙwayoyi, mai launin ƙasa-ƙasa, da ake kira Demerara, sunan wani yanki na ƙasar Guyana inda aka daɗe ana noman rake, domin ƙwayoyinsa ba sa narkewa gaba ɗaya, haƙori yana samun abin fasawa. Wasu na ƙara ots cikin tafi ɗaya, wasu dakakkiyar gyaɗar Turai irin su almon. A kan ots ɗin nan akwai gardama mai tsawo tsakaninsu, kowane gida da nasa ra'ayin. Ni dai ina tare da masu sawa kaɗan. Abin da gwanaye ba sa gardama a kansa shi ne kada marmashin ya zama gari ɗaya sumul. Gwana takan damƙi wani ɓangare a hannu ya dunƙule, ta fasa shi manya-manya, ta bar sauran ƙanana, don a sami tudu da kwari. Kan tudun ne zai fi yin ja, kwarin kuma ya sha ɗan ruwan tuffa. Shi ma sai ya koma firij har lokacin da za a neme shi. Wanda ke aikin nan a Kano ko Maraɗi cikin zafin bazara, inda ɗakin girki kan fi jikin mutum zafi, sai ya sa har fulawar da kwanon a firij tukuna, ya yi aikin da sassafe. Lokacin hunturu ya fi yi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

A wani shirin talabijin na gasar gashi da aka fara a Birtaniya a 2010, wanda Mary Berry da Paul Hollywood suka yi wa alƙalanci a shekarunsa na farko, babu aibin da ya yi suna kamar ɓawon ƙasa da ya jiƙe. Alƙali zai ɗaga yanki ya leƙa ƙasansa, idan ya ga fari ne, mai laushi, shi ke nan magana ta ƙare. Maganinsa na farko shi ne a gasa ɓawon shi kaɗai kafin tuffa ta taɓa shi. A murje kwaɓin da katakon murji ya kai kaurin milimita 3, a shimfiɗa a kwano ba tare da an ja shi ba, a huhhuda ƙasan da cokali mai yatsu, a rufe da takardar gashi, a zuba busasshen wake a kai don ya danne shi kada ya kumbura. Minti 15 a digiri 200, a kwashe waken, a mayar na wasu mintoci har ƙasan ya bushe ya fara canja launi. Wasu sukan shafa farin ƙwai a ciki yana da zafi, ya bushe ya zama shamaki tsakanin ɓawo da ruwan da ke tafe.

Magani na biyu yana wajen tuffar. Kilo ɗaya ake bukata, wajen guda shida ko bakwai. A fere, a cire zuciyar, a yanka da kauri ɗaya, kamar rabin santimita, don kada wani ya narke wani yana ɗanye. A matsa lemun tsami a kai, wanda ke hana ta yin baƙi da shan iska, yana kuma ƙara mata kaifi. Sai sukari, kuma a nan ma'auni harshe ne: gwana takan ɗanɗani yanki ɗaya tukuna, domin tuffar bana ba ta bara ba ce, ta farkon kaka ba ta ƙarshensa ba ce. Giram 80 zuwa 100 yakan isa. Kirfa ƙaramin cokali ɗaya, wasu su jefa kanumfari ƙwaya biyu ko uku kamar yadda kakanninsu ke yi. A nan ma hannu ya yi sauƙi, kada kayan ƙamshi su danne tuffar har a rasa ko mece ce ake ci.

Sai dabarar da ta fi burge ni a aikin baki ɗaya. Maimakon a zuba tuffar kai tsaye, sai a bar ta cikin sukarin rabin awa ko fiye. Sukari yana jawo ruwa daga jikinta, har a ga ya taru a ƙasan kwano. Wannan ruwan shi ne da zai jiƙa ɓawon a cikin obin, ga shi an fito da shi tun a waje. Ba a zubar da shi, domin ɗanɗanon tuffar na ciki. A tsiyaye shi a ƙaramar tukunya, a tafasa har ya ragu ya yi kauri ya fara yin launin zuma, a mayar kan tuffar tare da cokali biyu na sitacin masara wanda zai kama sauran ruwan da zai fito. An kori ruwan, an riƙe daɗinsa. Akwai ƙarin riba kuma: tuffar da ta riga ta saki ruwa ta riga ta rage girma, don haka ba za ta sauka a cikin wuta ta bar rami ba. Wasu gwanayen sun fi son su ɗan dafa ta sama-sama a kasko da bota, su bari ta huce sarai kafin su zuba. Kowace hanya aka bi, tuffa mai zafi ba ta hawa kan ɓawo, marmashi mai sanyi kuma ba ya hawa kan tuffa mai zafi, in ba haka ba botar ta narke tun kafin a rufe ƙofar obin.

Wajen zubawa, a jera yankan a danna su su zauna da juna, tsakiya ta ɗan yi tudu. A barbaɗa marmashin daga gefe zuwa tsakiya, a bar shi yadda ya faɗo. Kada a danne shi. Hannu yakan so ya daidaita, ya shafe, ya gyara, amma marmashin da aka danne ya zama murfi, tururi ya rasa mafita, ya dawo ya jiƙa shi daga ƙasa. A bar masa ƙofofi. Shahararren mai girkin nan ɗan Faransa da ke zaune a Ingila, Raymond Blanc, ya kai tsoron tururin nan matuƙa, har yakan gasa marmashin daban a faranti sannan ya ɗora shi kan tuffar daga baya. Hanyarsa tana ba da ƙaras-ƙaras ɗin da babu kamarsa, sai dai ana rasa wannan siririn layin da ke tsakani, inda ƙasan marmashi ya sha ruwan tuffa ya yi ɗan danƙo, wanda ga mutane da yawa shi ne wurin da ya fi daɗi.

Wuta digiri 180, minti 40 zuwa 50. A sa farantin ƙarfe a ƙasan obin tun ana ɗumama shi, a ɗora kwanon a kai, don zafi ya bugi ɓawon daga ƙasa nan take. Jan da ake nema a sama yana zuwa ne daga haɗuwar sukari da furotin cikin zafi, abin da masanin kimiyyar nan na Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sai zafi ya haura wajen digiri 140. Abin da ke jiƙe kuwa ba ya wuce digiri 100 har sai ruwansa ya ƙone. Ga dalilin duk wahalar da aka sha a baya: inda ruwa ya zauna, ja ba ya zuwa, ƙamshin gashi ma ba ya zuwa.

Agogo jagora ne kawai, domin kowane obin da halinsa, wani gefen dama ya fi ci, wani bayansa. Gwana ba ta dogara da launin sama kaɗai, don sama kan yi ja tsakiya tana ɗanya. Abin da take jira shi ne ta ga ruwan tuffa yana ɓullowa ta gefe da ta tsakanin marmashi, mai kauri, kumfarsa na tashi a hankali tana fashewa da nauyi. Wannan ne shaidar cewa zafi ya kai tsakiya, sitacin ya dahu ya kama. Idan kumfar ƙanana ce mai sauri, tsararo, da saura. Idan sama ya riga ya yi ja kafin haka, sai ta ɗora takardar alminiyom a kai sako-sako ta ƙara lokaci. Takan soka siririyar wuƙa a tsakiya ta ji ko tuffar ta ba da hanya. Hanci ma yana da nasa aikin: ƙamshin yana sauyawa daga na ɗanyar fulawa da bota zuwa na toyayyen sukari, kuma tsakanin wannan da ƙauri mintoci kaɗan ne.

Kirambul zalla ana iya ɗibarsa da cokali bayan minti goma ko sha biyar. Mai ɓawo kuwa dole ya huce awa biyu zuwa uku, ko da ƙamshi ya cika gida yara suna zagaye. Sitacin da sinadarin da ke cikin tuffar mai sa ruwanta ya daskare ba sa kamawa sai zafi ya sauka. Wanda ya yanka da wuri zai ga cikin ya malalo ya cika kwano, ya jiƙa ɓawon da aka sha wahalar busarwa. Idan ana son a ci da ɗumi, bayan ya kama jikinsa sai a mayar da shi obin minti goma. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana kashe ƙarfin marmashin, ba a kai shi can.

A Amurka sukan ɗora masa askirim, a Ingila kuwa kastad mai ɗumi ake kwarara masa. Garin kastad ɗin nan da muka sani a gidajenmu, wanda ake damawa da safe ko a ba mai jinya, asalinsa daga can ne: wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai, ya yi amfani da sitacin masara a madadinsa. A wajensu ba abin sha ba ne shi kaɗai, mahaɗi ne, kuma ana dama shi da madara, ya yi ruwa-ruwa yadda zai gangara. Masu lura sukan zuba shi a gefen yankin, ba a kansa ba, don marmashin ya isa baki da ƙarfinsa.

Wadda ta iya na tuffa ta iya sauran, domin marmashin ɗaya ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne ke sauyawa da lokacin shekara. A farkon kaka sukan haɗa tuffar da baƙaƙen 'ya'yan ƙaya da ake tsinka a shingen gonaki, ruwan ya fito ja-ja zuwa shunayya. A tsakiyar sanyi, daga Janairu zuwa Maris, sai rubab, wani tsiro mai jan kara da tsananin tsami da manoman Yorkshire ke renonsa a ɗakuna masu duhu. Kowanne da yawan ruwansa: rubab da 'ya'yan ƙayar sun fi tuffa saki, don haka gwana takan ƙara sitaci, ta ƙara sukari gwargwadon abin da harshenta ya gaya mata, ta kuma sa faranti a ƙarƙashin kwanon don tarar abin da zai zubo.